Rage Ƙiba: Azumin Lokaci-lokaci da Sauran Tsare-tsaren Cin Abinci

Idan likita ya ce ka rage nauyi, ko kuwa kai da kanka ka ga hawa bene ya fara sa ka haki, za ka tarar da shawarwari barkatai. Wani zai ce ka daina karin kumallo, wani ya ce ka rabu da tuwo da shinkafa, wani kuma ya miƙo maka shayin rage tumbi. Wanda ya fi tashe a 'yan shekarun nan shi ne azumin lokaci-lokaci, wato ware wasu sa'o'i ko wasu ranaku da mutum zai ƙaurace wa abinci.

Ga abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko. Duk tsarin da ya rage wa mutum nauyi, ya yi hakan ne domin ya sa abin da yake ci ya gaza abin da jikinsa ke ƙonawa. Azumin lokaci-lokaci ɗaya ne daga cikin hanyoyin cimma wannan, kuma bincike ya nuna sakamakonsa kusan ɗaya ne da na rage abinci kullum. Tsarin da ya dace da kai shi ne wanda za ka iya ɗorewa a kansa, wanda kuma ba zai ci karo da cutar da kake fama da ita ko maganin da kake sha ba. Bayanin da ke ƙasa na manya ne, maza da mata, daga shekara 18 zuwa sama.

Shin kana buƙatar rage nauyi?

Ma'aikatan lafiya suna amfani da ma'aunin da ake kira BMI. Za ka auna tsawonka da mita, ka ninka shi da kansa, sannan ka raba nauyinka na kilo da abin da ka samu. Misali, mai nauyin kilo 90 da tsawon mita 1.70 zai ninka 1.70 sau 1.70, ya sami 2.89. Idan ya raba 90 da 2.89 zai sami 31. A bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya:

- ƙasa da 18.5: rama
- 18.5 zuwa 24.9: nauyi daidai
- 25 zuwa 29.9: nauyi ya wuce kima
- 30 zuwa sama: ƙiba mai cutarwa, wato teɓa

BMI ba ya nuna inda kitse ya taru, kuma kitsen da ya fi illa shi ne na cikin ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji. Saboda haka ka auna ƙugunka da awon tela, a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan ka fitar da numfashi. Haɗari yana ƙaruwa idan awon ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, ya kuma yi tsanani daga 102 ga namiji ko 88 ga mace. Hanya mafi sauƙin tunawa ita ce kada ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya zauna ƙasa da 85.

Ƙiba tana buɗe ƙofa ga ciwon sukari nau'i na 2, hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, taruwar kitse a hanta, ciwon gwiwa da baya, minshari mai ɗauke numfashi cikin barci, da wasu nau'o'in ciwon daji. Ga mata, tana iya dagula al'ada ta kuma jinkirta samun ciki. A shekarar 2022, mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da teɓa.

Ba sai ka koma nauyinka na samartaka ba kafin ka ga amfani. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya sassauta hawan jini da sukarin jini. Ga mai kilo 90, wannan kilo 4 da rabi ne zuwa 9. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an bi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. An sa wa rukuni ɗaya burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai yawan kamuwa da cutar a cikinsu ya ragu da kashi 58 cikin 100.

Yadda jiki ke tara kitse da yadda yake ƙona shi

Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari yana da kalori 4, na sinadarin gina jiki irin wanda ke cikin wake da nama shi ma 4, amma giram ɗaya na mai yana da 9. Babban cokali ɗaya na manja, man gyaɗa ko man shanu ya kai kusan kalori 120. Abin da ka ci wanda jiki bai yi amfani da shi ba, sai ya ajiye kaɗan a hanta da tsoka a matsayin sukarin ajiya, ragowar kuma ya mayar da shi kitse.

Bayan cin abinci, sinadarin insulin yana ƙaruwa a jini domin ya shigar da sukari cikin ƙwayoyin jiki. Idan aka ɗauki sa'o'i ba a ci komai ba, insulin ya sauka, sai jiki ya fara cin ajiyar da ke hanta. Daga wajen sa'a 12 ya ƙara karkata ga ƙona kitse. Wannan ne tushen azumin lokaci-lokaci. Sai dai kitsen da aka ƙona da safe yana iya dawowa da dare idan aka rama cin da aka bari. Abin da ke yanke hukunci shi ne jimillar abin da ya shiga ciki a tsawon mako.

Idan ka rage kalori 500 zuwa 600 a kullum, za ka riƙa sauke kusan rabin kilo a mako. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne saurin da likitoci ke ba da shawara. A makon farko sikeli kan nuna raguwar da ta fi haka, domin sukarin ajiya yana tafiya da ruwan da ke riƙe da shi. Yawancin wannan raguwa ruwa ne, kada ka ɗauka haka za ta ci gaba.

Ire-iren azumin lokaci-lokaci

Taƙaita sa'o'in ci a kullum. Wanda aka fi sani shi ne tsarin 16:8. Za ka ci duk abincinka cikin sa'o'i 8, misali daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma, ka ƙaurace wa abinci a sauran sa'o'i 16, har da lokacin barci. Akwai kuma 14:10 da 12:12, waɗanda suka fi sauƙi.

Tsarin 5:2. Kwana biyar a mako ka ci abinci kamar yadda ka saba. A kwana biyu da ba sa jere da juna, mace ta tsaya a kalori 500, namiji 600. Wani likita ɗan jarida na Birtaniya, Michael Mosley, shi ya yayata tsarin ta wani shirin talabijin na BBC a 2012.

Kwana ɗaya bayan ɗaya. Yau a ci kamar kullum, gobe a ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da jiki ke buƙata, jibi a koma.

Ci sau ɗaya a rana. Wannan ya fi tsanani. Yana da wuya mutum ya sami duk sinadaran da jikinsa ke buƙata a zama ɗaya, don haka ba ma ba da shawarar fara shi ba tare da likita ba.

A duk waɗannan ana shan ruwa a lokacin ƙauracewar. Ana kuma iya shan shayi, kofi ko zoɓo, matuƙar babu sukari, zuma ko madara a ciki. Kunu, koko, fura da lemon kwalba duk abinci ne, suna karya tsarin.

Me bincike ya nuna?

An gwada azumin lokaci-lokaci da rage abinci na kullum kafaɗa da kafaɗa, an kuma bi mutane har shekara guda.

A birnin Shikago na Amurka, wani bincike na 2017 ya raba mutum 100 masu ƙiba gida-gida. Bayan shekara ɗaya, masu azumin kwana ɗaya bayan ɗaya sun rage kusan kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, masu rage abinci kullum kuma kashi 5.3. Waɗanda suka janye kafin ƙarshe sun fi yawa a ɓangaren masu azumin: kashi 38 cikin 100, ɗaya ɓangaren kuma 29.

A birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wani bincike na 2022 ya bi mutum 139. An rage wa kowa kalori, amma rabinsu an ce su ci tsakanin ƙarfe 8 na safe da 4 na yamma kawai. Bayan wata 12, waɗannan sun rage kilo 8, sauran kuma kilo 6.3. Masu binciken sun ce tazarar ba ta kai a danganta ta da taƙaita lokacin ba.

Wani binciken na 2020 a Amurka ya sa mutane cin abinci daga 12 na rana zuwa 8 na dare, ba tare da an ce su rage komai ba. Bayan mako 12, abin da suka sauke bai kai kilo ɗaya ba, kusan daidai da waɗanda suka ci sau uku a rana.

Darasin a bayyane yake. Azumin yana aiki idan ya sa ka rage ci, kuma amfaninsa na zahiri shi ne sauƙi: duba agogo ya fi ƙirga kalori sauƙi, kuma yana toshe ciye-ciyen dare. Idan ba ka jure yunwar safe, ba ka yi asarar komai ba don ka bi wata hanyar.

Bambancinsa da azumin Ramadan

Wanda ya saba azumin Ramadan ko na Litinin da Alhamis zai ga kamanni, amma akwai bambanci biyu ta fuskar lafiya. A azumin rage ƙiba ana shan ruwa, kuma ana lura da yawan abin da aka ci a ranar. Nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa masu azumin Ramadan kan sauke kilo ɗaya da 'yan kai, kuma yawancinsa yana dawowa cikin 'yan makonni bayan Sallah. Wasu ma ƙiba suke ƙarawa, saboda buɗa-baki da ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, kunu mai sukari da lemo, sannan abincin dare, sannan sahur. Idan kana son watan ya amfane ka ta wannan ɓangare, buɗe baki da ruwa da dabino biyu ko uku, ka rage soye-soye, ka kuma ci gaba da ƙa'idar abincinka bayan Sallah.

Waɗanda bai kamata su yi azumin rage ƙiba ba

- mai juna biyu da mai shayarwa
- yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 18
- wanda BMI ɗinsa bai kai 18.5 ba, da tsofaffi masu rauni
- wanda ya taɓa samun larurar ƙin cin abinci don tsoron ƙiba, ko ta yin ci mai yawa sannan ya jawo amai
- mai ciwon sukari nau'i na 1
- wanda ke jinyar tarin tibi, ciwon daji, ko bai daɗe da yin tiyata ba

Waɗannan kuma sai sun tuntuɓi likita tukuna: mai ciwon sukari nau'i na 2, mai hawan jini da ke shan magani, mai ciwon ƙoda, hanta ko zuciya, mai gyambon ciki, mai sikila, mai farfaɗiya, da duk mai shan maganin da aka ce a sha bayan cin abinci. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna iya ƙwarzane ciki, musamman idan babu abinci a cikinsa. Mai sikila kuwa, ƙarancin ruwa a jiki na iya tayar masa da ciwo.

Gargaɗi ga masu ciwon sukari

Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide, glimepiride da gliclazide suna ci gaba da sauke sukari ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Idan ka tsallake abinci alhali ka sha su, sukarinka na iya faɗuwa har ka suma. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin kuma suna iya samun taruwar asid mai haɗari a jini idan suka yi dogon azumi ko suka yanke sitaci gaba ɗaya. Kada ka rage magani ko ka daina shi da kanka. Likita ne zai gyara maka adadi da lokacin sha.

Alamomin faɗuwar sukari su ne rawar jiki, gumi, bugun zuciya da sauri, yunwa mai tsanani, jiri, gani dishi-dishi da ruɗewa. Idan ka ji su, ko na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a ma'aunin mmol/L, ka dakatar da azumin nan take. Ka sha ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a cikin ruwa ko rabin kofin lemo mai zaƙi, ka sake gwaji bayan minti 15, sannan ka ci abinci. Idan mutum ya suma, kada a ɗura masa komai ta baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti. Mai ciwon sukarin da ke niyyar azumin Ramadan ya ga likitansa mako 6 zuwa 8 kafin watan ya kama.

Yadda za ka fara

Fara da sa'a 12 na tsawon mako biyu: ka gama abincin dare kafin ƙarfe 8, kada ka sake cin komai sai 8 na safe. Idan jiki ya saba, ka ƙara zuwa sa'a 14, sannan 16 idan kana so. Mutane da yawa suna ganin sauyi a 14 ba tare da sun wuce nan ba.

Jiki ya fi sarrafa sukari da safe fiye da dare, don haka gara ka jawo abincin dare ya zo da wuri. Amma idan tuwon dare ne lokacin da iyali ke haɗuwa, zaɓi 12 na rana zuwa 8 na dare. Tsarin da ya raba ka da iyalinka ba zai yi nisa ba.

Ga misalin yini ɗaya a tsarin 11 na safe zuwa 7 na yamma. Da ƙarfe 11, alale ko dafaffen wake da koko marar sukari. Da ƙarfe 3, nono marar sukari, ko gwaiba da cikin tafin hannu ɗaya na gyaɗa. Da ƙarfe 6 da rabi, ƙaramar malmalar tuwon dawa da miyar ganye mai yawa, da kifi ko nama marar kitse.

Ciwon kai, kasala, saurin fushi da taurin bayan gida sukan zo a makonnin farko, sannan su lafa. Ka sha ruwa sosai, musamman a watannin bazara da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa. Direba, mai aiki da inji da mai aikin ƙarfi a rana su fara gwada tsarin a ranar hutu.

Sauran hanyoyin yau da kullum

Yanke abin sha mai zaƙi. Wannan ne matakin da ya fi saurin biya. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 13 da kalori sama da 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kusan cokali 12 a rana, in da hali ma 6. Ka ƙirga har da wanda ke cikin shayi, kunu, fura, zoɓo da kunun aya. Zuma ma sukari ce a wajen jiki.

Raba faranti. Rabin farantinka ya zama ganye da kayan lambu: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa, yalo, karas. Kashi ɗaya cikin huɗu ya zama wake, kifi, ƙwai, awara ko nama. Ragowar kashi ɗayan shi ne na tuwo, shinkafa, doya ko taliya. Wannan ya juya abin da aka saba, inda tuwo ke cika kwano, miya kuma a ɗiga. Idan kuna ci a kwano ɗaya, ɗebi naka a faranti daban domin ka ga yawan abin da ka ci. Gero, dawa, acha da alkamar da ba a cire musu dusa ba sun fi farin burodi da farar shinkafa riƙe ciki.

Rage mai. Auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Zaɓi dafaffe da gasasshe a kan soyayye: alale maimakon ƙosai, dafaffen dankali maimakon soyayye, gasasshen kifi maimakon wanda aka tsoma a mai. Waina, fanke da cincin su zama na lokaci-lokaci.

Rage sitaci da tsarin keto. Rage sitaci daidai gwargwado yana taimaka wa masu ciwon sukari nau'i na 2. Keto ya fi haka tsanani, domin yana taƙaita sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a rana, adadin da malmalar tuwo ɗaya kan kai ko ta wuce. Yana sauke nauyi da sauri a farko, amma yana da tsada, yana jawo taurin bayan gida da warin baki, kuma yana iya ɗaga mugun kolestarol idan aka dogara da kitsen nama da man shanu. A wani bincike na Jami'ar Stanford a 2018, an raba mutum 609 gida biyu. Bayan shekara ɗaya, masu rage sitaci sun sauke kilo 6, masu rage mai kilo 5.3. A nan ma babu wanda ya yi wa wani fintinkau.

Abinci mai ƙarancin kalori sosai. A wani gwaji da aka yi a Birtaniya, an ɗora masu ciwon sukari nau'i na 2 a kan abinci na musamman mai kalori kusan 850 a rana na wata 3 zuwa 5. Bayan shekara ɗaya, kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya sauka ƙasa da matakin cutar ba tare da magani ba. An yi wannan ne ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, kuma ba abin da za ka kwaikwaya a gida ba ne. Rage nauyi da gaggawa yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama, zubewar gashi da narkewar tsoka.

Abubuwan da za ka guje wa

Yawancin shayin rage tumbi maganin gudawa ne ko na sa fitsari. Abin da suke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, kuma yawan shansu na iya taɓa ƙoda da bugun zuciya. An sha gano sibutramine a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake tallatawa a matsayin na ganye, alhali an janye wannan magani daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kada ka sha abin da ba shi da rajistar NAFDAC ko ta hukumar magunguna ta ƙasarka, ka kuma nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna kafin ka fara.

Ruwan ɗumi da lemon tsami ba ya narkar da kitse. Ɗamarar matse ciki tana sa gumi ne kawai, kuma gumi ruwa ne. Babu atisayen da ke zaɓar kitsen tumbi shi kaɗai ya ƙona. Tumbi yana sauka ne idan nauyin jiki gaba ɗaya ya sauka.

Akwai magungunan asibiti na gaskiya, kamar allurar semaglutide, wadda a gwaji ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi cikin mako 68. Likita ne kaɗai ke rubuta su, suna da tsada da illoli, kuma nauyin kan dawo idan aka daina. Akwai jabunsu a kasuwa, don haka kada ka saya ta intanet.

Motsa jiki, barci da riƙe nasara

Motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke kilo da yawa, amma yana kare tsoka, yana sauke sukari da hawan jini, kuma yana daga cikin manyan abubuwan da ke hana nauyi dawowa. Ka nemi minti 150 zuwa 300 a mako na tafiya da sassarfa, hawa keke ko aikin gida mai sa numfashi ya ɗan hau, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Minti 30 a kwana biyar ya cika 150, kuma ana iya raba su goma-goma, ko a tsakar gida ne. Ka samu barcin sa'a 7 zuwa sama, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Bayan wata shida ko makamancin haka, nauyi kan tsaya. Jikin da ya ragu yana ƙona kalori ƙasa da da, sinadaran yunwa kuma suna ƙaruwa. Wannan ɗabi'ar jiki ce, ba alamar gazawarka ba. Ka hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a rana guda. Ka rubuta duk abin da ka ci na kwana uku, za ka ga inda ƙari ya sulalo. Idan biki ko suna ya karya maka tsari, ka koma kansa a ci na gaba.

Yaushe za ka ga likita?

- kafin ka fara, idan kana da wata cuta mai ɗorewa ko kana shan magani kullum
- idan BMI ɗinka ya kai 30, domin a duba hawan jini, sukari da kolestarol
- idan ka suma, ko ka ji ciwon ƙirji, bugun zuciya marar tsari, amai mai yawa, baƙin bayan gida, ko ciwo mai tsanani a saman ciki ta dama
- idan al'ada ta ɗauke ko ta rikice bayan kin fara rage abinci
- idan tunanin abinci da tsoron ƙiba sun mamaye ka, ko ka fara jawo amai bayan ci
- idan nauyi na hawa da sauri ba tare da ka ƙara ci ba, ko ƙafafu na kumbura. Wasu cututtuka da magunguna suna sa ƙiba, ciki har da prednisolone da dexamethasone, wanda wasu ke sha don su yi ƙiba, da wasu allurai na tazarar haihuwa
- idan kana ramewa alhali ba ka rage ci ba. Wannan na iya zama alamar ciwon sukari, tarin tibi, ƙanjamau ko ciwon daji

Ga iyali

Wanda ke dafa abinci yana da rabin aikin a hannunsa. Rage mai, gishiri da sukari a tukunyar kowa zai amfani gidan gaba ɗaya, kuma ya fi a ware wa mutum ɗaya girki. Ku daina matsa masa ya ƙara loma, ku kuma bar zolaya da gori, domin ba sa rage wa kowa ko giram ɗaya. Idan yana da ciwon sukari, kowa a gidan ya san alamomin faɗuwar sukari da inda aka ajiye sukarin gaggawa.

Kai kuma, zaɓi sauyi ɗaya ko biyu da za ka fara da su a wannan mako, kamar barin lemon kwalba da rufe ci da ƙarfe 8 na dare. Rubuta nauyinka da awon ƙugunka na yau, ka sake aunawa bayan mako huɗu, ka tafi da takardar duk lokacin da za ka ga likita.